Ƙwaƙwalwar birkin hannu na lantarki ta daina aiki: ko ta kwance za ta yi?

Tambaya: Motata irin mai birkin hannu na maɓalli ce. Kwana uku ke nan fitilar birki tana ƙiftawa a dashbod, kuma in na ja maɓallin ba na jin ƙarar nan da na saba ji daga tayoyin baya. Mai gyarana ya ce ƙwaƙwalwar birkin ce ta mutu, sabuwa kuma ta fi ƙarfina a yanzu. An samo mini wata da aka ciro daga mota irin tawa. In saya a ɗaura, ko akwai haɗari?

Amsa: Sannu da fama, ɗan'uwa. Ana ɗaura ta kwance, kuma tana aiki. Na ɗaura da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, motocin suna nan suna yawo lafiya lau. Ƙwaƙwalwar birki ba ta cikin kayan da tafiya ke cinyewa irin su takalmin birki ko bel. In ruwa bai shige ta ba, wuta ba ta ƙona ta ba, tana iya daɗewa iya daɗewar motar. Saboda haka tsufanta ba ya tayar mini da hankali. Inda hankalina ya tsaya a tambayarka shi ne wurin da ka ce mai gyara ya ce ta mutu. Kafin ka sa hannu a aljihu, koma ka tambaye shi da me ya gane. In ya ce ya jona kwamfutar gwaji, ya auna wuta da at, wato wayar da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, a soket ɗinta, ya gwada injinan da ke tayoyin baya, to madalla. In kuwa cewa ya yi ai fitila ta kama kuma babu ƙara, to bincike bai ma fara ba. A cikin ƙwaƙwalen da aka kawo mini an riga an yanke musu hukuncin mutuwa, waɗanda na tarar da ransu sun fi waɗanda suka mutu da gaske yawa.

Ba ka faɗi irin motar ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin abin da ake kira ƙwaƙwalwar birkin hannu ba abu ɗaya ba ne a duk motoci. Wannan birki ya fara shigowa ne a farkon shekarun 2000, BMW 7 Series ta 2001 na cikin na farkon da suka zo da shi. Akwai tsarin da akwati ɗaya ne ke ɗauke da ƙwaƙwalwar da injin lantarki tare, yana jan kebul zuwa tayoyin baya kamar yadda hannunka ke ja a tsohuwar mota. Haka yake a Land Rover Discovery 3 da Renault Scenic II. Akwai kuma wanda kowace kalifar baya, wato mazaunin da ke matse takalmin birki a jikin faifai, take da ɗan injin lantarkinta da muke kira moto, ƙwaƙwalwar kuma tana zaune ita kaɗai a cikin mota. Volkswagen Passat B6 da ta fito a 2005 misali ce. Sai na uku, wanda ya fi yawa a sababbin motoci: moto yana nan a kalifa, amma babu wata ƙwaƙwalwa ta daban, aikin an shigar da shi cikin ƙwaƙwalwar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki. Yadda ka ce an samo maka wata ƙwaƙwalwa ita kaɗai, ina kyautata zaton taka ta biyun ce, don haka a kanta zan fi tsayawa, sauran in taɓa su daga baya.

Ka fahimci yadda abin yake aiki, daga nan za ka ga dalilin da ya sa ake yawan ɗora wa ƙwaƙwalwar laifin da ba nata ba. In ka ja maɓalli, ƙwaƙwalwar tana tura wuta zuwa moto biyu. Kowane moto yana juya giyoyin da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, a Passat ɗin da na ambata sai moto ya juya sau 150 kafin sandar ƙarshe ta juya sau ɗaya. Sandar nan mai zare ce irin na sukuru, tana tura fistan, fistan ya matse takalmi a jikin faifai. Da zarar ta matse ba ta komawa baya da kanta, shi ya sa ko an cire batir birkin yana nan a riƙe. To yaya ƙwaƙwalwar take sanin ya matsu? Ba ta da ido a can. Wutar da moton ke ja take aunawa. Yana juyawa babu nauyi, wutar kaɗan ce. Takalmi ya taɓa faifai, sai ta fara hawa. Ta kai iyakar da aka rubuta mata, sai ƙwaƙwalwar ta yanke. Ka ga ke nan duk abin da ya ɓata wannan lissafi, ko waya ce ta tsinke rabi, ko soket ya yi tsatsa, ko kalifa ta ƙage, ko batir ya yi sanyi, ƙwaƙwalwar za ta ga wutar da ba ta yarda da ita ba, ta ƙi aiki, ta kunna fitila. Aikinta ke nan, kuma daidai ta yi. Wanda bai san haka ba sai ya ce ta mutu.

Da batir nake farawa kullum. Batir mai cike, mota a kashe ta huta, yana nuna kusan bolt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12.2, a yi cajinsa ko a jona wani kafin a ci gaba, don moto biyu suna jan wuta mai yawa a lokaci ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa ba ta son ta fara matse birki wuta ta yanke mata a tsakiya. Daga nan sai fis. A motoci da yawa kowane gefe da fis ɗinsa, ƙwaƙwalwar ma da nata ƙarami, saboda haka kada a duba ɗaya a ce an gama. Sai maɓallin kansa, wanda mutane ke rainawa. Yana zaune ne a inda ake ajiye abin sha, ga ƙura, ga danshin hannu, kuma a cikinsa ba mahaɗi ɗaya ba ne, an ninka su ne don ƙwaƙwalwar ta tabbatar da gaske aka ja. In ɗaya ya saɓa wa ɗaya, sai ta ƙi amsa umarnin. Kwamfutar gwaji tana nuna wannan ƙarara: a ja maɓalli ana kallon allo, a ga ko ta rubuta an ja, an danna, an saki. Aikin minti biyu ne.

Sai wayoyin da ke sauka zuwa kalifa. Wannan wurin shi ya fi ko'ina cin mutane. Wayar tana lanƙwasa duk lokacin da taya ta hau ta sauka, shekara da shekaru, sai tagullar ciki ta karye robar waje tana nan garau. Ka kama wayar ka riƙa murzawa da yatsu a hankali, inda ta karye za ka ji ta yi laushi. Shi kuma moton, ana cire soket ɗinsa a ba shi wuta kai tsaye daga batir ta waya mai fis, a ɗan taɓa a saki. A juya wayoyin biyu, ya juya ta ɗaya gefen. Sharaɗi ɗaya: kalifa tana kan faifai, takalma suna ciki. Kada a kuskura a kunna moto kalifa tana rataye a iska, fistan zai yi ta fitowa har ya wuce iyaka, man birki ya zube.

Lambobin da kwamfuta ke bayarwa ma karatu suke so. Waɗanda suka fara da C maganar birki da ƙafar mota suke yi, kuma galibi suna faɗin gefen, hagu ko dama, layi ya yanke ko ya haɗe. Waɗanda suka fara da U maganar sadarwa ce tsakanin ƙwaƙwale. U0128, alal misali, cewa take yi sauran ƙwaƙwalen motar sun daina jin ta birkin hannu. Mutane da yawa da sun ga wannan sai su ce shi ke nan. Alhali ƙwaƙwalwar da ba ta samun wuta, ko at ɗinta ya kwance, ko wayoyin sadarwarta biyu da aka murɗe tare suka tsinke, ita ma shiru za ta yi kamar matacciya. Wannan layin sadarwa, da ake kira CAN, in yana da lafiya, in an cire batir aka auna tsakanin wayoyinsa biyu komai yana haɗe, yana nuna kusan om 60. Ni ba na cewa ƙwaƙwalwa ta mutu sai na ga wuta tana isa soket ɗinta da ƙarfinta, at lafiya, layin sadarwa lafiya, amma ta ƙi magana. Ko kuma tana magana, ta karɓi umarni, wayoyi da moto lafiya, amma ba ta fitar da wuta. Ko ita da kanta ta rubuta cewa cikinta ya lalace, a goge ya dawo nan take.

Bari in ba ka labarin wata mota da aka taɓa kawo mini. Mai ita ya riga ya sayi ta kwance an ɗaura masa, ta yi kwana biyu tana aiki, ta sake ɗaukewa. Ya zo yana faɗa cewa an sayar masa da matacciya. Na buɗe murfin wadda aka ɗaura, tun kafin in duba hancina ya gaya mini: ƙaurin nan na allon lantarki da ya ƙone. Ga baƙin tabo a gefe ɗaya, daidai inda ƙananan makunnan da ke juya wutar moton dama suke. Na ce ya kawo tsohuwar tasa. Na buɗe, tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Muka ɗaga motar na kwance kusoshi biyun da ke riƙe da moton dama, ina zare shi sai ga ruwa jaja-jaja mai tsatsa yana bin hannuna har gwiwar hannu. Robar jikin moton ta tsage ta ƙasa, tsagar da ba ta kai faɗin gashi ba, ruwa yana shiga ba ya fita. Moton yana ƙagewa, ya ja wutar da ta fi ƙima, ya ƙona abin da ke ba shi wuta. Ƙwaƙwalwa biyu ya ci. Wanda ya sayar masa bai cuce shi ba, lafiyayya ya ba shi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da an kwance kusoshi biyun nan tun farko, da ta kwancen tana nan a motar.

Saboda haka ko an tabbatar taka ta mutu, tambaya ta biyu ita ce me ya kashe ta. In ƙonewa ce, a bi moto da wayoyin wannan gefen. In an buɗe an ga kore-kore a ƙafafun soket ko farin gari a kan allo, ruwa ne, a nemo ta inda yake shigowa: a ɗaga kafet a taɓa soson ƙarƙashinsa, a duba robar but, a duba magudanar rufin da ke buɗewa in motar tana da shi. In kuma matsalar ta fara ne bayan an tayar da motar da batir ɗin wata, ko an yi walda a jikinta batir yana haɗe, to an san musabbabin, ba sai an wahala ba.

Yanzu maganar sayen. "Daga mota irin tawa aka ciro" ba hujja ba ce da za ka dogara da ita. Mota biyu masu suna ɗaya, shekara ɗaya, suna iya ɗaukar ƙwaƙwalwa daban. Kamfanonin motoci ba su ke ƙera wannan kaya ba, saye suke yi daga irin su TRW da Continental da Mando da Advics, kuma suna sauya samfuri a tsakiyar shekara ba tare da jikin motar ya canja ba. Abin da za ka bi shi ne takardar da ke manne a jikin taka. Ciro ta, ka ɗauki hoton takardar, ka je da ita kanta in da hali. Lambar kayan sai ta zo daidai har harafin ƙarshe. Wannan harafi na ƙarshe da ake gani kamar ba komai ba, sau da yawa shi ne ke raba ƙwaƙwalwar da aka yi wa tsohon samfurin moto da ta sabo. Soket zai shiga, kusoshi za su zauna, amma iyakar wutar da aka rubuta mata ta wani moto ce. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko ta yanke da wuri birki bai matsu sosai ba, ko ta wuce gona da iri tana wahalar da giyoyi. Na farkon ya fi ba ni tsoro, don fitila ba lallai ta kama ba, kana ganin komai daidai, sai ranar da ka ajiye mota a gangare.

Akan samu lambar da kamfani ya fitar don ta maye gurbin tsohuwa, wannan babu laifi, amma a tabbatar daga kundin kayan motar ta hanyar lambar shasinka, kada a tsaya a bakin mai sayarwa. Ka kuma tambayi motar da aka ciro ta: giyarta otomatik ce ko ta hannu, tana da maɓallin nan da aka rubuta Auto Hold a kansa, mai riƙe birki da kansa in ka tsaya, ko babu. A wasu motoci kodin, wato rubuta mata bayanan motarka ta kwamfuta, yana gyara wannan bambanci, a wasu kuwa ba ya gyarawa. In za a ba ka lambar shasin waccan motar, karɓa.

Da ta zo hannunka, duba ta a wuri mai haske. Leƙa cikin soket: ƙafafun su kasance a miƙe, masu ƙyalli, babu kore, babu wanda ya yi baƙi ko robar gindinsa ta narke. Shinshina ta. Girgiza ta kusa da kunnenka ko za ka ji wani abu yana yawo. Dubi bakin murfin, in akwai alamar an saka sukundireba an ɓalle an mayar da gam, wani ya riga ka shiga ciki, ka bar musu kayansu. Wadda aka ciro daga motar da ta yi karo ta gaba ta fi mini wadda ba a san tarihinta ba, amma ta motar da ambaliya ta ci ba na karɓa ko kyauta ce, domin ruwa yakan bar ta ta yi aiki wata ɗaya ko biyu kafin tsatsar ta gama cin allon. Kuma ku yi magana a fili da mai sayarwa tun kafin ka biya, cewa in an jona ta ƙi magana ko ta ƙi karɓar kodin za ka dawo da ita. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan.

Ga abin da ya kamata ka tabbatar tun kafin sayen ma: wa zai yi mata kodin? Ƙwaƙwalwar da aka ciro tana zuwa ne da bayanan motar da ta baro. Sai an gaya mata inda take yanzu, irin giya, irin injin, ko akwai Auto Hold. Ƙaramar na'urar nan mai karanta lambobin injin kawai ba za ta yi wannan ba. Ana bukatar wadda ke shiga ƙwaƙwalwar birkin hannu ta yi rubutu a ciki. A motocin Volkswagen da Audi masu ƙwaƙwalwa ta daban, adireshinta 53 ne a kwamfutar gwaji. In tsohuwar taka tana iya magana ko da sama-sama ne, a karanta kodin ɗinta a rubuta a takarda kafin a cire ta, wannan ɗan aikin yana rage wahala ƙwarai. Akwai kuma kamfanonin da ke rubuta lambar shasi a cikin ƙwaƙwale, ko su kulle su da motar farko don hana satar kaya. Irin waɗannan in ka ɗaura ta kwance, ko dai ta yi ta ƙorafin lamba ba ta dace ba, ko ta ƙi aiki sai an buɗe ta ta hanyar kwamfutar kamfani da intanet, wasu ma ba a sake rubuta su sam. Mai wayarin ɗin da ya saba da irin motarka zai gaya maka wannan kai tsaye. In ya ce ba a iyawa, hanyar da ta rage ita ce a kai taka wurin masu gyaran allon lantarki su canja abin da ya ƙone, ko su kwashe bayanan taka su zuba a ta kwancen. Shi ya sa nake hana mutane jefar da tsohuwar, ko barin ta wurin mai sayarwa a matsayin ciko, sai komai ya kammala.

Ɗaurawar kanta ba wuya. Mota a wuri mai daidai, giya a P ko a giya ta ɗaya, a sa weji a tayoyi. A kashe mota a zare makulli, a cire kan batir na at, a canja, a mayar. Lokacin kodin a jona caja mai riƙe wuta daidai, don in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu ana iya rasa ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Wani abin da ake mantawa shi ne yadda take zaune. A wasu motoci, Passat B6 na ciki, sansoni, wato ƙananan na'urorin da ke jin karkatar mota da juyawarta, suna cikin wannan akwati ne, kuma tsarin hana santsi yana dogara da su. Dole ta zauna a mazauninta, fuskarta inda aka nufa, kusoshinta a ɗaure. Na sha ganin an jona ta an bar ta tana lilo a ƙarƙashin kafet wai ana gwaji. Bayan an ɗaure, sai a saita sansonin a kan sifili, mota a ƙasa mai shimfiɗe, tayoyi da iska daidai, babu kowa a ciki yana motsi. In aka yi wannan saitin a kan gangare, motar za ta ɗauka gangaren nan shi ne daidai, daga nan sai ka ga birki yana saki da wuri ko yana riƙewa in za ka tashi a kan tudu.

Sai saitin birkin kansa. Ta kwamfuta ake umartar ta ta buɗe moto biyu har ƙarshe, ta rufe, ta koyi inda takalmi yake taɓa faifai. Kafin a yi, a duba kaurin takalman baya da faifan, a tabbatar sandunan da kalifa ke zamewa a kai suna da giris ba su ƙage ba. In takalman sun kusa ƙarewa a canja su yanzu, ta hanyar sa birkin a yanayin gyara da kwamfuta. Kada wani ya kama fistan da ƙarfi ya ce zai tura shi ciki kamar na tsohuwar mota, sandar nan mai zare tana bayansa.

In ya kasance motarka ta ukun ce, wadda aikin ke cikin ABS, to maganar ta girma, kuma a nan ina yin taka-tsantsan da ta kwance sosai. Abin da za a taɓa shi ne ke kula da birkin ƙafa, da hana tayoyi kullewa, da hana santsi. Kodin ɗinsa dogo ne, a wasu motoci ma an gina shi da wani ɓangare na lambar shasi, kuma in aka canja har da tubalin da bututun mai ke shiga, sai an fitar da iska daga layin birki, sau da yawa da taimakon kwamfuta. Wannan ba na ba wa kowa sai wanda ya taɓa yi a irin motar. Ta mai jan kebul kuwa, ka tuna akwatin yana da abin da ke cinyewa a ciki, giyoyi da kebul, saboda haka tsufansa abin dubawa ne. A irin masu takalmi a cikin gangar faifai, sai an saita takalman da hannu kafin a kunna akwatin, in ba haka ba zai ja ya wuce iyaka ya ƙage, ka koma gidan jiya.

Fitila ta mutu ba ya nufin an gama. A ja a saki sau da yawa, mutum ɗaya yana tsaye a baya yana saurare: ƙarar gefe biyu ta tashi tare ta tsaya tare, kusan tsawo ɗaya. A ɗaga bayan motar, a ja birki, a gwada juya kowace taya da hannu biyu, kada ta motsa. A saki, ta juya sakayau. Sannan a kai ta gangare na gaske. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta R13-H ta ce birkin ajiye ƙaramar mota ya riƙe ta da cikakken kayanta a gangaren kashi 20 cikin 100, wato hawan mita 20 a kowace mita 100, ko ta fuskanci sama ko ƙasa. Ta Amurka ma kashi 20 ɗin ce, na tsawon minti 5. Kai ma gwada fuska biyun, kana zaune a ciki, giya a furi, ƙafarka tana shawagi a kan birki. A gwada sakin da yake yi da kansa in ka ɗaura bel ka taka totur. A fili babu kowa, ana tafiya a hankali, a ja maɓalli a riƙe: ya kamata motar ta rage gudu ta tsaya a miƙe, domin wannan maɓalli shi ne birkin gaggawarka in na ƙafa ya ba ka kunya, kuma a motoci da yawa in ana cikin gudu famfon ABS ne ke karɓar umarnin ya taka tayoyi huɗu. Bayan tafiyar minti goma ko sha biyar, a kai bayan hannu kusa da kowace tayar baya ba tare da an taɓa faifai ba. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, wannan gefen ba ya saki duka. A ƙarshe a sake jona kwamfuta a duba dukkan ƙwaƙwalen motar, har da ABS da injin da giya, a ga babu wadda ke ƙorafi.

Kafin a kai ga duk wannan, motarka a yanzu ba ta da birkin ajiyewa, kuma tunda ba ka jin ƙara, ka ɗauka ba ya kamawa ko da jar fitilar ta nuna kamar ya kama. Nemi wuri mai daidai ka riƙa ajiyewa. In otomatik ce, P kaɗai ɗan ƙarfe ne a cikin giya, yana riƙewa amma ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mota a tudu kullum ba. In ta hannu ce, bar ta a giya ta ɗaya in ta fuskanci sama, ribas in ta fuskanci ƙasa, ka karya sitiyari zuwa gefen hanya, ka ajiye weji a but kana sawa. Ka kuma daina jan maɓallin kana gwadawa ko ya dawo. In ya dawo na daƙiƙa biyu ya matse ya sake ɗaukewa, motar ta kulle a inda take, kuma sakinta sai an sa weji a tayoyin gaba, an ɗaga ta, an kwance moto daga kowace kalifa, an juya sandar da hannu ta gefen da littafin motar ya nuna.